Zuwa Chaina da iyali don ɗauko jaririya, wa ya san hanyar?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema kuma kar a min dariya. Mu a Amurka muke zaune, yarana biyu duk maza, tun haihuwar na biyun likita ya ce in haƙura haka saboda matsalar da na samu, to ni kuma Allah ya jarabce ni da son 'ya mace. Akwai wata baturiya da muke aiki tare, ita da mijinta sun je Chaina a 2006 sun ɗauko jaririya, har da ɗansu da uwar mijin suka tafi, ta nuna min hotunan wallahi abin ya tsaya min a rai. Na yi wa Abban Hanif maganar bai ce e ba bai ce a'a ba, cewa ya yi in bincika, shi yana da takardar ɗan ƙasa. To ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, kuma in tafiyar ta tashi gara mu tafi da yaran ko mu bar su wajen ƙanwata? Babban shekararsa 9 ƙaramin 6.

Anti Luba:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah, duk marayun da ke gida sai Chaina Maman Hanif?

Maman Hanif:
Anti ba raina na gida na yi ba, gani na yi nasu tsarin a shimfiɗe yake, ka cika takarda ka bi layi a sa maka rana, babu sai ka san wani.

Yaya Fati:
Ƙanwata ajiye lissafin kuɗin jirgi tukuna, ƙofar nan an rufe ta. Ranar 5 ga Satumba 2024 mai magana da yawun ma'aikatar harkokin wajensu, Mao Ning, ta ce Chaina ta daina ba wa 'yan ƙasashen waje yara, sai dai in yaron jininka ne na kusa ko agolanka. Dama tun korona a 2020 abin ya tsaya cak, daga baya aka bar wasu ƙalilan da takardunsu suka riga suka kammala suka je suka ɗauko, shi kenan. Akwai iyalai wajen 300 a nan Amurka da an riga an haɗa su da yara, suna da hoto suna da suna wasu har sun gyara ɗaki sun sayi gado, sanarwar ta same su a haka. Ni aikina kenan harkar walwalar yara, na ga masu kuka da idona. Duk wanda ya ce miki ki turo kuɗi yana da hanya ɗan damfara ne.

Maman Hanif:
Innalillahi. Ita ko ba ta faɗa min ba, ƙila ba ta zaci da gaske nake ba.

Alhaji Ɗanladi Kwari:
Kai jama'a yau na samu amsar abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Lokacin da muka fara zuwa birnin Gwanzu na Chaina saro kaya, in ka ratsa ta tsibirin nan Shamian sai ka ga turawa reras kowa na tura keken jarirai, uwa fara sol uba fari sol jaririya kuma 'yar Chaina, kuma kusan duk mata ne yaran. Na tambayi yaron da yake mana tafinta ya ce ai saye suke, ni kuma na ɗauka shirmensa ne. Daga baya ma a wajen otal ɗin Garden kusa da Xiaobei inda mutanenmu suke sauka ina ganinsu.

Yaya Fati:
Alhaji idonka bai yi ƙarya ba. A lokacin duk ba'amurken da ya ɗauki yaro a Chaina ko daga wane lardi ne dole ya biyo ta Gwanzu, don ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke can shi ne kaɗai yake ba da bizar yaran. Otal ɗin White Swan da ke Shamian nan ne masaukinsu shekara da shekaru, a da akwai wata jar kujera a ciki da ake jera jariran a ɗauke su hoto kafin a watse, rabinsu na tsala kuka.

Maman Hanif:
Wallahi na ga hoton jar kujerar! Bari in ba ku yadda ta ba ni labari tunda dai ni tawa ta sha ruwa. Ta ce tafiyar kamar sati biyu ce kuma ba kai kaɗai kake tafiya ba, ayari ake haɗawa na iyalai da yawa da ɗan jagora. Sun fara sauka Bejin kwana biyu ko uku wai don jiki ya saba da canjin lokaci, don tsakaninmu da su awa 12 ne zuwa 13, dare ya koma rana, a nan aka kai su Babbar Ganuwa da tsohuwar fadar sarakuna. Daga nan suka hau jirgi zuwa Nanchang babban birnin Jiangxi, aka tara su a wani ofishin gwamnati sai ga ma'aikatan gidan marayu sun shigo kowacce da yarinya a hannu, ana kiran suna ana miƙawa. Ta ce tasu watanta 11, an jibga mata kaya kusan hawa huɗu, ba ta yi kuka ba ko kaɗan, ido kawai take bin su da shi, kwana biyu ba ta yarda ta ci komai ba sai kunun shinkafa. Ita uwar kuwa ƙin ta ta yi fur, in ta miƙa hannu sai ta kau da kai, mijin kaɗai take yarda da shi. Wanda ya fara sa ta dariya ɗansu ne mai shekara 7. Shi ya sa ma na tambayi zancen tafiya da yara.

Zainab Toronto:
Nan Kanada ma akwai su da yawa, makwabtanmu sun ɗauko biyu. Su ba su tafi da kowa ba daga su sai jaka, matar ta ce min tafiya da ƙananan yara wahala ce zalla, jirgi awa goma sha wani abu, ga zaman ofis ga asibiti ga yaro ya tashi ƙarfe ukun dare yana neman abinci, kuma jaririyar da aka raba da duk wanda ta sani tana buƙatar hankalinki gaba ɗaya ba rabi ba. Ni ma nan na fi karkata gaskiya.

Yaya Fati:
Duka biyun akwai gaskiya. Yaran gidan marayu sun saba da ganin yara fiye da manya shi ya sa sukan sake da ɗan uwansu yaro da wuri, kuma shi yaron gida in ya ga inda aka ɗauko ƙanwarsa kishin yakan yi sauƙi. Amma waɗanda suka ji daɗin tafiya da yara su ne masu babban mutum na uku, kaka ko goggo, wanda zai kama yaran in iyaye sun shiga ofis. Ita abokiyar aikinki ai kin ce da uwar miji suka je, to sirrin kenan. Kuma a da washegarin ranar da aka miƙa miki yarinya ake komawa a sa hannu a dangwala yatsa, ita ma a dangwala ƙafarta ko hannunta da jan tawada, daga nan ta zama taki a dokarsu, sai jiran fasfo sai Gwanzu gwajin asibiti da biza.

Nas Jega:
Ni dai turawan nan sun burge ni. Mutum ya kwashi kuɗinsa ya tsallaka duniya ya ɗauko 'yar da iyayenta suka yar a bakin kasuwa ya mai da ita tasa. Mu nan ɗan ƙaninka ma in ka riƙe sai an ji ku.

Alhaji Ɗanladi Kwari:
Nawa suke kashewa ne wai?

Yaya Fati:
In aka haɗa komai, kuɗin kamfanin da ke shige maka gaba, binciken gida, takardu, jirgi da otal, kafin a rufe yawanci tsakanin dala dubu 25 ne zuwa 40. A ciki akwai abin da suke kira gudummawa ga gidan marayu, da dala 3,000 ce daga baya ta haura 5,000, kuma a da tsaba ake riƙowa sababbin takardu. Sunanta gudummawa amma ba ka isa ka ce ba ka bayarwa ba a lokacin.

Alhaji Ɗanladi Kwari:
To ashe tafintana bai yi shirme ba. Ni ɗan kasuwa ne, duk inda aka ce miƙo kuɗi karɓi kaya na san sunansa.

Nas Jega:
Haba Alhaji, gidan marayu da iska zai ciyar da sauran yaran? Madara kyauta ce?

Dokta Sa'a:
Nas tsaya, maganar Alhaji tana da tushe ko da ya faɗe ta da gatsali. Ka fara tambaya me ya sa yaran suka cika gidajen marayu kuma me ya sa mata. Dokar ɗa ɗaya ce da aka fara wajen 1980 ba a janye ta ba sai ƙarshen 2015. A lokacin a karkara da yawa in ta fari mace ce ana ƙyale ka ka sake gwadawa sau ɗaya, to in ta biyun ma ta zo mace fa, ga dangin miji na son namiji don shi zai riƙe iyaye in sun tsufa, ga tara mai nauyin da ta fi ƙarfin abin da manomi yake samu a shekara, ga jami'an tsarin iyali a ƙofar gida. Kuma babu wata hanya ta doka da uwa za ta je ta ce ga 'yata ku riƙe min, yar da yaro laifi ne, shi ya sa ake ajiye su da asuba a ƙofar asibiti ko kasuwa ko ofishin gwamnati inda za a gani da wuri, wata da 'yar takarda mai ranar haihuwa a cikin zani. Wato mafi yawansu ba marayu ba ne yadda mu muka san maraya, iyayensu na nan da rai. Daga 1992 da aka buɗe ƙofar zuwa rufewa yara sama da 160,000 aka fitar, sama da 82,000 Amurka suka zo, a 2005 kaɗai kusan 8,000.
To da kuɗi ya shigo sai abin ya juya a wasu wurare. A 2005 aka kama wasu a Hengyang cikin lardin Hunan suna sayo jarirai suna sayar wa gidajen marayu, su kuma su rubuta cewa tsintar su aka yi su miƙa wa turawa. A 2011 mujallar Caixin ta can ƙasar ta fallasa yadda jami'an tsarin iyali a yankin Shaoyang suke ƙwace yara daga hannun iyayen da suka kasa biyan tara a kai su gidan marayu, a sa musu sunan Shao dukkansu. Har tagwaye an raba, ɗaya ta tashi a ƙauyensu a Hunan ɗaya a Texas. Ba na ce duka haka ne ba, amma wadda ta karɓi jaririya a ofis ba ta da yadda za ta san tata wacce iri ce, takarda ɗaya ake ba kowa.

Ibro Njamena:
Dokta kin tuna min namu na Chadi. A 2007 aka kama wasu Faransawa a Abeche za su sa yara 103 a jirgi wai marayun Darfur ne, har bandeji suka naɗa wa wasu don a ce marasa lafiya ne, da aka bincika akasarinsu 'yan Chadi ne kuma da iyayensu ko danginsu, an yaudare su da cewa makaranta za a sa yaran. A Faransa kuma iyalai na can filin jirgi suna jira da zuciya ɗaya sun biya kuɗi. Tun daga lokacin in na ji an ce an ɗauko maraya daga wata ƙasa sai na ce wa ya ce maraya ne.

Anti Luba:
Mu da aka sace yaran Kano aka gano tara a Anambra a 2019 an canja musu suna ai mun san zafin. Uwa uwa ce ko a Chaina take.

Nas Jega:
Na ji, amma kar a haɗa ɓarawon yara da wanda ya bi doka. Kuma ku faɗi ɗaya ɓangaren mana, yarinyar da ba a ɗauka ba ina ta ƙare? A gidan marayu za ta girma ba uwa ba uba.

Yaya Fati:
Nan kam ina bayan Nas. Shekarun ƙarshe kusan duk yaran da ake fitarwa masu lalura ne, tsagewar leɓe, ciwon zuciya, matsalar ƙafa ko ido ko ƙwaƙwalwa, kuma da yawa maza ne sun yi wayo ba jarirai ba. Lafiyayyar jaririya irin ta 2006 layinta ya kai mutum ya shekara kusan goma yana jira, don su kansu 'yan ƙasar sun samu kuɗi sun fara ɗauka, haihuwa kuma ta ragu har yawan jama'arsu ya fara raguwa a 2022. To masu lalurar nan su ne rufewar ta fi shafa, don a cikin gida ba a cika ɗaukarsu ba. Kuma Maman Hanif ko da a buɗe take ba kowa ake ba wa ba, tun 2007 suka tsaurara, sai kun kai shekara 30, aure ya kai shekara biyu, dukiyar gida ta kai dala 80,000, har ƙiba suna aunawa in ta yi yawa a ce a'a. Ƙasashe 17 kawai suke hulɗa da su a lokacin babu ta Afirka ko ɗaya, da fasfo ɗin Najeriya kaɗai ko layin ba za ki shiga ba.

Baban Walid:
Ni fa duk wannan dogon turancin bai dame ni ba. Tsintacciyar mage ba ta mage. Ka raini 'yar wani ta girma ta ce za ta nemi iyayenta, asarar me ka yi?

Ummi Admin:
Baban Walid a gyara harshe dan Allah, akwai waɗanda aka riƙa a gidan nan kuma 'ya'yan mutane ake magana.

Zainab Toronto:
Kuma in ta nemi iyayenta laifi ne? Babbar 'yar makwabtan namu ta yi gwajin DNA tana jami'a, ba uwa ta samu ba amma ta samu wata 'yar uwa ta nesa a Sifen, don can ma an kai su da yawa. Uwar riƙonta ce ma ta biya kuɗin gwajin. Yarinyar ta taɓa ce min abin da ya fi damunta ba wai ba a son ta ba ne, a'a, ta tashi a unguwar da ita kaɗai ce mai irin fuskarta, a makaranta a ce mata 'yar Chaina, ta shiga kantin 'yan Chaina su yi mata yare ta kasa amsawa. Ranar haihuwarta ma ƙiyasi ne, in likita ya tambaye ta ko akwai ciwon kaza a danginku sai ta ce ban sani ba. To Maman Hanif ki ɗora naki a kai, 'yar Chaina a gidan Hausawa a Amurka, ranar da kuka je gida hutu ƙauye guda zai fito kallo.

Maman Hanif:
Hmm wallahi Zainab ban kai nan a tunani ba, ni kitso da lalle da kayan sallah nake ta hangowa.

Malam Abu Sumayya:
Bismillah. Tunda an zo nan bari in sa baki. Riƙon yaro da ba shi da mai kula da shi aiki ne babba, hadisin da Annabi SAW ya haɗa yatsunsa biyu ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya haka suke a aljanna sananne ne, kuma tsintacce ma malamai sun ce ɗaukarsa wajibi ne a kan al'umma, don haka Baban Walid ka janye. Abin da aka hana shi ne ka yanke masa nasaba ka jingina shi gare ka. Zaidu ɗan Harisa ana kiransa Zaidu ɗan Muhammad har ayoyin farkon Suratul Ahzab suka sauka aka ce a kira su da iyayensu, in ba a san iyayen ba to 'yan uwanku ne a addini. Saboda haka ba ta cin gado kai tsaye amma za ku iya mata kyauta da ranku ko wasiyya har sulusi. Sannan in ta balaga Abban Hanif da su Hanif ba muharramanta ba ne sai in an shayar da ita tana cikin shekara biyun farko.

Maman Hanif:
Malam to a nan ai kotu sabuwar takardar haihuwa take bayarwa da sunanmu a matsayin iyaye, ya ake yi da wannan?

Malam Abu Sumayya:
Malaman da ke zaune a ƙasashen nan da yawa sun yi sauƙi a kan takardar hukuma in babu makawa, da sharaɗin ba a ɓoye wa yaro asalinsa ba kuma jama'a sun sani, in da hali a bar masa sunan mahaifinsa a ciki. Wasu kuma sun tsananta. Ki samu limamin masallacinku ku zauna da maigidan.

Dokta Sa'a:
Abin da malam ya faɗa shi ne inda su kansu turawan suka dawo yanzu, a daina ɓoyewa a bar yaro da sunansa da labarinsa. Kuma ba Chaina kaɗai ba ce ta rufe, Rasha ta hana Amurkawa tun ƙarshen 2012, Habasha ta hana kowa a 2018, Holan kuma ita da take karɓa ta ce ta daina a 2024 bayan binciken da ya nuna an yi ta maguɗin takardu.

Anti Luba:
To ni dai na koma kan bakata. Ƙanin mijinki ko yayarki babu mai 'ya'ya mata ne? Mu haka muka tashi, goggo ta ɗauke ki tun yaye, kin san uwarki kin san ubanki, sallah a kai ki ki gaishe su.

Yaya Fati:
Anti a gida wannan mai sauƙi ne, amma shigo da ita Amurka fa? Biza ba ta san riƙon goggo ba, yarinyar da iyayenta biyu ke raye suna iya riƙe ta ba ta cika sharaɗin maraya a dokar shige da ficensu, mutane da yawa sun sha wahala a nan wasu har suka yi ƙaryar da ta dawo ta cinye su. Ki nemi lauyan shige da fice kafin ki yi wa kowa alkawari a gida. In kuma za ki ji tawa, a nan inda kike akwai yara sama da dubu 300 a hannun hukuma, cikinsu har da 'ya'yan musulmi da ake rasa gidan musulmi da za a kai su. Ki kira ofishin walwalar yara na yankinku, za su sa ku a aji na 'yan makonni ke da maigidan, a ɗauki hoton yatsu, a zo a duba gida a yi hira da su Hanif, kuɗin da za ki kashe kaɗan ne hukuma ma ke ba da na kula da yaron. Sai dai ki sani burinsu na farko yaro ya koma wajen iyayensa in sun gyaru, ba kowane ne yake zama naki ba.

Maman Hanif:
Na gode Yaya, zan miki magana ta akwati. Malam saura tambaya ɗaya, ni da rabona da shayarwa shekara huɗu, in likita ya ba ni magani nono ya zo na shayar da ita ya zama shayarwa?

Malam Abu Sumayya:
Mafi yawan malamai sun ce in nono ne na gaske ya zo kuma ya isa cikinta tana ƙasa da shekara biyu to ke kin zama uwarta ta shayarwa, su Hanif sun zama yayyenta. A mazhabar Malikiyya ko kaɗan ne ya wadatar, Shafi'iyya suka ce sai sau biyar, don haka ki cika biyar ɗin ki fita daga saɓani. Amma Yaya Fati ta faɗa mana ko hukuma tana barin mai riƙon wucin gadi ta shayar, kar a je a yi abin da zai sa a karɓe yarinyar.

Yaya Fati:
Ba a yi sai da izini Malam, kowace jiha da dokarta, wasu sai iyayen yarinyar sun yarda wasu sai bayan kotu ta mallaka miki. Ranar farko da ma'aikaciyar ta zo duba gida ki tambaye ta a rubuce.